Kifin kili na Afirka ko na Kudancin Amurka: da wanne za a fara?

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne ya fi sauƙin kiwo ga mai farawa, Nothobranchius na Afirka ko Austrolebias na Kudancin Amurka, ƙananan kifayen da ake kira kili. Zafin ɗakinka ne zai raba gardamar.

Dukansu a kududdufan da ke ƙafewa duk shekara suke rayuwa. Ruwa ya janye, manya su mutu, ƙwai ya kwanta cikin laka har ruwan sama ya dawo. Sai dai Nothobranchius guentheri na Zanzibar kifin ɗumi ne, digiri 24 zuwa 26 yake so. Austrolebias nigripinnis na Ajantina da Yurugwai kuwa lokacin sanyi kududdufinsa ke cika. Digiri 16 zuwa 22 ya fi masa, zafi kuma yana rage masa kwana.

Wajen zuba ƙwai ma sun bambanta. Namijin guentheri yakan danne mace a saman shimfiɗar da ake sa musu don zuba ƙwai, don haka kaurin santimita 2 ya wadatar. Su nigripinnis nutsewa suke yi su biyu har su ɓace, sai zurfin ya wuce tsawon kifin, kamar santimita 6 zuwa 8. Shimfiɗar garin ɓawon kwakwa ce, a tafasa, a wanke, a zuba cikin ƙaramar roba a tankin. Namiji ɗaya, mata biyu ko uku, don mace ɗaya takan galabaita.

Duk mako biyu ka kwashe garin da ƙwan da ke ciki, ka matse shi har ya zama da ɗan danshi kawai, ka ƙulle a leda, ka rubuta kwanan wata. Ƙwan guentheri yakan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin ya nuna, na nigripinnis wajen wata uku. Amma kada ka dogara da kalanda, ka duba ƙwan: in ido ya fito sarai da zobe mai ruwan zinare, ya nuna, sai ka jiƙa garin da ruwa ya ƙyanƙyashe. Jiƙawa kafin lokaci ko bayan ya wuce kan sa 'ya'yan su riƙa jan ciki a ƙasa, jakar iskarsu ba ta cika ba. Bayan ƙyanƙyasa ka sake matse garin ka ajiye mako uku, wasu ƙwan suna nan suna barci.

Raunin guentheri shi ne cutar da ke yi wa fata ƙura-ƙura mai ruwan ɗorawa. Ƙaramin cokali na gishiri a kowace lita 4 yana rage ta sosai. In ba ka da hanyar sanyaya ruwa, da guentheri za ka fara. 'Ya'yansa na cin sabuwar ƙyanƙyasar Artemia, wato ƙananan halittun ruwan gishiri masu kama da jatan lande, tun ranar farko.