Faifan The Innocents na Criterion: aikin Freddie Francis ya fito ras

Mai son ganin gwanintar Freddie Francis a ɗaukar hoto, ya nemi faifan Blu-ray na The Innocents (1961) da kamfanin Criterion ya fitar a 2014. Francis Baturen Ingila ne, ya ci Oscar sau biyu, kuma daga baya ya ba da umarni a finafinan ban tsoro na kamfanonin Hammer da Amicus. A nan Jack Clayton ne darakta, Francis kuma yana riƙe da kyamara.

Fim ne na fatalwa, baƙi da fari, mai faɗin CinemaScope, tsawonsa kusan minti 100. Francis ya sa gilasai masu fenti a gaban kyamara domin gefe da gefen hoton su yi duhu. Faifan ya adana wannan da kyau: idan jarumar fim ɗin, Deborah Kerr, ta ɗauko kyandir cikin dare, fuskarta tana haske, duhu kuma yana matsowa kusa da kafaɗarta.

Talabijin ce kan lalata aikin. A kashe tsarin ƙara haske ta atomatik, don yana wanke duhun ya koma toka-toka. Kada a ja hoton ya cika allo, za a yanke gefen da fatalwa ke tsayawa.

Matsalar faifan babba ɗaya: an kulle shi ga yankin A, wato na'urar Blu-ray ta wannan yanki kaɗai ke karanta shi, Afirka kuwa tana yankin B. Sai da na'urar da ke karanta kowane yanki, ko a sayi bugun BFI, cibiyar finafinai ta Birtaniya. Sautin mono ne, amma tsaf yake.