03/04/2012 ko 2012-04-03: wanne za ka adana?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka ta daren jiya. Ka ce kana haɗa wa wata makaranta a nan Jos manhajar rajistar ɗalibai, kuma ka rasa ko ka adana ranar haihuwa yadda sakatariya ta saba rubutawa, 03/04/2012, ko ka mayar da ita 2012-04-03.

Salon farko amfaninsa guda ne: ido ya saba da shi. Mu a Najeriya da rana muke farawa, sai wata, sai shekara, kamar Ingila. Amurka kuwa wata take sa wa gaba, kuma kwamfutocin hannu da muke saya a kasuwar Terminus da yawansu da saitin Amurka suke zuwa. Sakatariya ta rubuta 3 ga Afrilu, Excel ya fahimci 4 ga Maris, ko uffan bai ce ba.

Wannan shirun shi ne abin tsoro. Da 25/04 ta rubuta, da asiri ya tonu nan take, tunda babu wata na 25. Amma daga ranar 1 zuwa 12 ga kowane wata, ko ta ina ka karanta, rana ce mai yiwuwa. Yi lissafi: 12 sau 12 ya ba ka 144, cire guda 12 irin su 05/05 da ba sa canzawa, saura kwana 132 a shekara da za su iya juyewa ba wanda ya lura. Ga kuma jerawa: idan a matsayin rubutu ka adana, 01/12/2024 zai riga 02/01/2020 fitowa.

Salo na biyu shi ne ISO 8601, ƙa'idar rubuta kwanan wata ta ƙasa da ƙasa, wanda aka fara fitarwa a 1988: shekara, wata, rana. Ma'anarsa ɗaya a Jos da Landan da Niyok, kuma yana jeruwa da kansa. Aibinsa kawai, babu uwar da za ka tambaya ranar haihuwar ɗanta ta fara maka da shekara. To, ai ba ita za ka nuna wa ba. Shi zai zauna a rumbun bayanai, a kan allo kuma ka ba Intl.DateTimeFormat, kayan tsara kwanan wata na yaren manhaja JavaScript, saitin en-GB, wato salon Ingila, ya dawo da rana gaba. In da Hausa kake so, kada ka dogara cewa kowace waya ta san Afrilu da Satumba. Sunayen watanni 12 ne kacal, rubuta abinka, sai dai ka tuna JavaScript daga 0 yake ƙirga watanni, Janairu ne 0.

Akwai ramin da ni kaina na taɓa faɗawa, kuma da ISO ɗin ne. Agogonmu yana gaban UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, da awa 1, rani da damina. Na haɗa ranar haihuwa da ƙarfe 12 na dare, manhaja ta juya ta zuwa UTC, sai ta koma 11 na daren jiya. Yaran aji guda aka ƙara wa kwana ɗaya a duniya, sai da wani uba ya zo da takardar haihuwa muka gane. Ranar haihuwa ba ta da awa, ka ba ta nau'in DATE a rumbun bayanai, mai riƙe kwanan wata kawai. Lokacin biyan kuɗin makaranta ne ke buƙatar awa da yanki.

Idan shugaban makaranta ya nemi a nuna ranar Hijira, ka ciro ta daga ta Miladiyya, amma ka bar masa wurin ƙara kwana ko ragewa. Lissafin Ummul Ƙura na Saudiyya ne, mu kuma sanarwar Sarkin Musulmi muke jira, wani lokaci sukan saɓa da kwana ɗaya.

Tsohon fayil ɗin Excel da za su ba ka kuwa, kada ka zuba shi kai tsaye. Ware duk layin da ranarsa ba ta wuce 12 ba, ka zauna da sakatariya ku gwada da littafin rajista na takarda.