Daren jaz ko zaman kalangu?

Asabar mai zuwa abu biyu sun haɗu a Katsina: masu kiɗan jaz za su yi wasa a wani ɗan ƙaramin kulob, masu kalangu kuma suna gidan biki wajen Ƙofar Ƙaura.

Jaz kiɗan baƙaƙen fatar Amurka ne, daga birnin New Orleans ya taso a farkon ƙarni na 20. Daɗinsa sai a ƙaramin wuri. Kana zaune kana jin numfashin mai busa saksofon, ya saki karin da aka fara da shi ya tafi yawonsa, mai ganga ya tare shi a hanya. Sau da yawa ko baiti ɗaya ba a rerawa. Wanda ya saba jiran a ambaci kakansa zai ƙosa. Ga kuɗin tikiti, ga zama shiru.

Kalangu kuwa magana yake yi, da shi marigayi Shata, da ke kwance a Daura tun 1999, ya yi tashe. Babu kuɗin ƙofa, amma in maroƙi ya hango ka, liƙi sai ya ci fiye da tikitin.

Ni kulob ɗin zan nufa. Wata mai kamawa akwai bikin ƙanwata, zan sha kalangu har in gaji.