Sharhi kan Manhajar Pl@ntNet: Yadda Ta Yi Mini Aiki a Tuddan Alli na Kudancin Ingila

Manhajar Pl@ntNet kyauta ce, kuma cibiyoyin bincike na Faransa, irin su CIRAD da INRIA da IRD, su ne suka haɗa kai suka samar da ita, aka fitar da ita ga masu wayar hannu a shekarar 2013. Aikinta shi ne mutum ya ɗauki hoton tsiro, ya nuna mata ko ganye ne ko fure ko 'ya'ya ko ɓawo, ita kuwa ta jero masa sunayen da take zato, kowanne da makinsa. Na yi amfani da ita a lokacin zafin bana a tuddan South Downs, musamman a Devil's Dyke da ke kusa da Brighton, kuma hukuncina shi ne tana taƙaita wa mutum zato matuƙa, amma ƙasar da tsiron ya fito a kanta ce ke raba gardama.

Wannan wuri ya dace da gwaji, domin ƙasarsa 'yar siririya ce a kan dutsen alli, ba ta riƙe ruwa kuma ba ta da taki, don haka manyan ciyayi ba sa samun ƙarfin danne ƙananan tsirrai. Tumaki da zomaye ne ke aske ciyawar tun ƙarnoni masu yawa, har ta kai ana iya samun nau'in tsiro kusan 40 a cikin murabba'in mita ɗaya, akasarinsu gajeru ne ƙwarai, sun cuɗanya da juna.

Tsiron da ya fi ɗaukar mini lokaci wani fure ne da na tarar a watan Yuli a gangaren tudu, launinsa tsakanin shuɗi da shunayya, a dunƙule a kan siririn kara wanda bai kai gwiwa ba. Da na durƙusa kusa da shi sai na ga dunƙulen ashe tarin ƙananan furanni ne, kowanne ya lanƙwashe zuwa ciki kamar farcen shaho, waɗanda suka buɗe kuma wani ɗan zare ya leƙo daga bakinsu. Manhajar ta sa Phyteuma orbiculare a kan gaba, wato furen da mutanen Sussex, yankin da Devil's Dyke yake ciki, suka ɗauka a matsayin alamar yankinsu, sannan a ƙasansa ta kawo Jasione montana. Wannan zato na biyu ba shirme ba ne, domin su biyun dangi ɗaya ne kuma a hoto suna kama sosai. Sai dai Jasione montana ƙasa mai tsami yake so, irin ta yashi da duwatsun gaɓar tekun yammacin Birtaniya, alhali ni a kan alli nake tsaye, ga farinsa nan a fili inda zomaye suka tona rami. Hoton fure ba ya ɗauke da wannan bayani, dole mai wayar ne zai kawo shi daga abin da idonsa ya gani. Da na ƙara da hoton ganyen gindi, mai dogon hannu da 'yan haƙora a gefe, sai makin sunan farko ya ƙaru, na biyun ya ja baya.

Abin da ya fi burge ni shi ne damar haɗa hotuna da dama na tsiro ɗaya a tambaya guda, da kuma hotunan da take nunawa na kowane suna, waɗanda wasu masu amfani da ita suka ɗauka, ta yadda mutum zai kwatanta da kansa maimakon ya karɓi amsa ido rufe. Yana da kyau a sa takarda ko tafin hannu a bayan furen kafin a ɗauka, saboda a irin wannan cunkoso ganyen maƙwabci yakan shigo cikin hoton.

Akwai tsirran da hoto kaɗai ba ya isarsu, kuma wannan iyakar hanyar ce baki ɗaya. Ciyayi da dangin karas masu farin fure a baje suna bukatar a duba 'ya'yansu da gashin kararsu, ga shi kuma a cikin dangin karas akwai masu dafin da ke kisa, saboda haka ban yarda wani ya ci tsiro ko ya jiƙa shi a matsayin magani don waya ta ambaci sunansa ba.

Ina ba ɗalibai da masu yawon buɗe ido shawarar su sauke ta, su kuma riƙe ƙaramin littafin tsirran yankin da gilashin ƙara girma. Su sani kuma dokar kare namun daji da karkara ta 1981 ta haramta tumɓuke tsiron daji a Ingila ba tare da izinin mai filin ba, don haka duk binciken a wurin ake yin sa, tsiron yana tsaye a kan saiwarsa.