Metil Jasmonet ko Tsantsar Yis: Wanne Ya Fi Dacewa da Saiwar Taba?

Ɗaliban da ke rainon saiwar taba a kwalba a ɗakunan gwaji na Kano sun sha tambayata wanne ya fi ƙara yawan nikotin idan aka zuba shi a ruwan rainon: metil jasmonet ko tsantsar yis.

Metil jasmonet sinadari ne da ke kwaikwayon saƙon da tabar ke aikawa idan ƙwari sun ciji ganyenta, sai ya tayar da ƙwayar gado mai suna PMT, wadda ke buɗe hanyar haɗa nikotin a saiwa. Tasirinsa na da ƙarfi, kuma sakamakonsa kan maimaitu. Sai dai yana da tsada, daga waje ake sayo shi da dala, yana bin iska, kuma tace shi ake yi maimakon dafawa don kawar da ƙwayoyin cuta. Idan aka zarce ƙima, saiwar da ke fara sol takan yi ruwan ƙasa, girmanta ya tsaya.

Tsantsar yis kuwa, wato abin da ake tatsowa daga yis irin na burodi, tana da araha, tana jure tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, amma gauraye ce, don haka ƙarfin wannan gwangwani kan bambanta da na wancan.

Mai binciken digiri na uku da ke buƙatar alƙaluma tabbatattu, jasmonet ne nasa. Ɗalibin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, yis zai ishe shi gwajin farko.