Gargaɗi ga masu motocin kasuwanci: a kula da masu manna sitikar bogi

Jama'a, musamman masu gidan burodi da masu ruwan leda da 'yan adaidaita sahu, don Allah a yi hattara. Akwai wasu mutane da ke tallata kansu a Facebook da WhatsApp cewa suna manna sitikar talla a jikin mota da ledar kamfanin 3M ko Oracal ta asali, a kusan rabin farashin shago. Ba su da shago. Za su ce su ne za su zo har gida su yi maka aikin, ka dai tura kafin alƙalami.

Cutar ba ta bayyana ranar aiki, shi ya sa mutane da yawa ke faɗawa. A ranar, mota na sheƙi, mai ita na murna, har ya ƙara musu na mai. Sai bayan wata biyu ko uku, zafin Afrilu ya haura digiri 40, ledar ta fara tsukewa. Ka duba gefen rubutun, za ka ga wani baƙin layi mai danƙo ya zagaye kowane harafi, ƙura ta manne a kai. Ja ya koɗe ya koma ruwan hoda, kusurwa ta ɗago, wajen lanƙwasar ƙofa ya kumbura. Ka kira lambar, a kashe.

Abin da suke yi shi ne su nuna maka guntun leda mai kyau, sannan su yanko aikinka daga wani naɗin na daban, irin wanda ake yi wa bangon ɗaki ko tallar 'yan kwanaki. Ko a cikin kayan kamfani ɗaya akwai bambanci. Oracal 631 ta cikin gida ce, an yi ta don a cire cikin sauƙi. Oracal 651 tana jure rana da ruwa, amma ta haruffa ce da wuri shimfiɗaɗɗe. Naɗe mota gaba ɗaya, da duk loko da tudunta, yana buƙatar leda mai laushi ta musamman, kamar 3M 2080. Wanda ya ce maka duk ɗaya ne, ko bai san aikin ba ko cutarka zai yi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne fenti. Gam ɗin ledar banza idan ya gasu a rana yakan ƙi fita, kuma in motar an taɓa sake mata fenti, sai ya ɓamɓaro da shi. Mutum ya nemi sauƙi, ga shi yanzu zai biya mai cirewa, ya biya mai fenti, ya sake biyan sitika. Araha ba ta ado.

Kafin ka biya, ka ce a kawo naɗin gaba ɗaya, ka juya takardar baya. Manyan kamfanoni suna buga sunansu a jikinta. Ka tsaya a yanka a gabanka. In hoto ne aka buga da inji, ka tambaya ko an shimfiɗa masa leda mai kariya a sama. Ɗan goga sifirit a ƙyalle a kusurwa, idan launi ya biyo ƙyallen, ba a saka ba. Ka lura kuma da yadda suke wanke motar. Mai aikin gaskiya sai ya cire maiƙo da ƙura tas, ya bari ta bushe, kuma ba ya manna wa ƙarfe mai zafi a tsakar rana.

Hotunan aikin da suke sakawa ma sau da yawa na wasu ne. Ka nemi su nuna maka motar da suka yi wa aiki bara, ka gan ta da idonka. Ka karɓi rasit mai adireshin shago, kuma kada ka cika kuɗi sai an gama.

Wanda aka riga aka cuta ya adana alat ɗin banki da hirarsu ta WhatsApp, ya kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa. A tura wa 'yan uwa direbobi su gani.