Cire fenti daga sassan bindigar airsoft: wane magani ya kamata ka saya?

Jikin da ke ƙarƙashin fenti shi ke zaɓa maka maganin da za ka saya. Bindigar airsoft, wato bindigar wasa mai harba ƙananan harsasan roba, guda ɗaya tana iya haɗa abubuwa huɗu ko biyar a jikinta: robar ABS, nailan da aka cakuɗa da zaren gilashi, alminiyum, gamin tutiya da kuma baƙin ƙarfe. Ruwan da zai wanke wani sashe tas, shi ne zai narkar da na kusa da shi. Don haka kafin ka kashe ko sisi, warware bindigar ka ware sassan kashi-kashi.

Gane su ba wuya. Abin da maganaɗisu ya kama baƙin ƙarfe ne. Ƙarfen da bai kama ba, in mara nauyi ne to alminiyum ne, in kuwa ya yi maka nauyi a hannu fiye da girmansa to gamin tutiya ne, wanda aka fi yin akwatin giya da jikin bindigogi masu araha da shi. Roba kuwa, leƙa cikinta, wani lokaci za ka ga tambarin ABS ko PA66, wanda ke nufin nailan. In babu tambari, ɗiga asiton (ruwan da ake goge fentin farce da shi) kaɗan ta ciki inda ido ba ya gani. ABS nan take za ta yi danƙo, nailan ko gezau. Akwatin giya, ɗan injin lantarkin da ke juya shi, wayoyi, bututun ciki da robar da ke juya harsashi duk a ajiye su gefe, babu ruwansu da wannan aikin.

Abu na farko da nake so kowa ya fara saya shi ne alkohol na aisofurofil, mai ƙarfin kashi 91 ko 99 cikin ɗari. Mai kashi 70 da ake goge rauni da shi ruwa ya yi masa yawa, wahala kawai za ka sha. Idan fentin na gwangwanin fesawa ne da wani ya yi a gida, irin su Krylon ko Rust-Oleum, alkohol da tsohon burushin haƙori sun isa su ɗaga shi a hankali, kuma ba ya cin alminiyum, ba ya cin tutiya. A kan ABS ma ya fi sauran sauƙin kai, amma kada ka jiƙa ta a ciki kwana da kwanaki, domin wuraren da sukurori suka matse suna iya tsattsagewa. Jiƙa tsumma, rufe wurin na ɗan lokaci, goge, sake. Rauninsa shi ne fentin kamfani da aka gasa da wuta, wannan ba ya ko motsa shi. Yana kuma kama wuta da sauri, a yi nesa da murhu da sigari.

Asiton ya fi shi zafi nesa ba kusa ba. A kan ƙarfe zalla, ko wane iri ne, yana tashin fentin fesawa cikin mintuna, ya bushe bai bar komai ba. Nailan ma yana jure shi. Amma ABS narkewa take yi a cikinsa, kuma roba mai haske irin wadda ake yin wasu gidajen harsashi da gilashin na'urar saiti da ita tana yin hazo ta tsage. Haka tina ta masu fentin mota take. Wanda bindigarsa jikinta ƙarfe ne ya sayi asiton hankali kwance, wanda tasa roba ce kuma bai tabbatar da irinta ba ya bar shi a kan kanta.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne wajen magungunan da ke ɗauke da soda mai ci, wato ruwan wanke tanda irin Easy-Off da masu cire maiƙo masu launin shunayya irin Super Clean. Masu haɗa ƙananan motoci da jiragen roba sun daɗe suna amfani da su, kuma suna da gaskiya: a kan ABS da nailan suna laushe fenti ba tare da sun taɓa robar ba. Ka fesa, ka ɗaure a leda don kada ya bushe, ka bar shi ya kwana, da safe fentin ya saɓule. Daga nan ne wani zai ɗauka ai haka zai yi wa jikin ƙarfe. Soda tana cin alminiyum da tutiya, tana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta, tana barin ƙarfen da baƙi-baƙi da ƙananan ramuka. In sashen alminiyum ɗin launinsa na wutar lantarki ne, wanda aka shigar cikin fatar ƙarfen, soda za ta cinye launin da fatar gaba ɗaya, kuma babu mayarwa. Irin wannan launin ma ba fenti ba ne, ba ya bukatar cirewa, a kansa ake fesa sabo bayan an ɗan karce shi. Saboda haka maganin soda na roba ne kaɗai, kuma sai an zare duk wani ƙarfe da ke manne a jikinta. Yana ƙona fata, yana makantarwa, safar hannu da tabarau dole ne.

Man birki ana yawan ambatonsa saboda kusan kowa na iya samunsa. DOT 3 da DOT 4 suna ɗaga fenti da gaske, DOT 5 kuwa na silikon ne, ba ya cire komai, sai dai ya ɓata maka wurin da za ka fenta. Ni ba na ba da shawararsa a kan roba. Yana shiga jikin ABS ya sa ta gautsi, kuma ba a ranar za ka gane ba, sai an je fili an ɗan buga ta a jikin bango ta ɓalle a wurin sukuru.

Sai magungunan cire fenti na kanti, masu kauri da ake shafawa da burushi. Su ne amsar fentin kamfani a kan jikin ƙarfe. Tsofaffin irinsu suna ɗauke da metilin kuloraid, mai aiki cikin mintuna, wanda kuma ya kashe mutane a ɗakuna marasa iska, domin jiki yana juya shi zuwa iskar kabon monoksaid. Tarayyar Turai ta yanke shawarar hana sayar wa jama'a shi a 2009, Amurka ta bi sahu a 2019, amma har yanzu ana samunsa a wasu ƙasashe. Karanta bayan gwangwani, in ka gan shi ka ajiye. Bindigar wasa ba ta kai a saka rai a kanta ba. Masu sauƙin irin Citristrip suna ɗaukar awoyi, wani lokaci sai an shafa sau biyu, an rufe da leda, amma suna kaiwa. Ka duba cewa an rubuta ya dace da alminiyum, domin wasunsu ma soda ce a ciki. Kada ƙanshin lemu ya ruɗe ka ka shafa wa roba, yana laushe ta.

Akwai fentin da ruwan magani ba ya iya masa, musamman Cerakote, wani fenti mai tauri da ake yi wa bindigogi, idan an gasa shi. Wannan sai injin feshin yashi. Masu yin Cerakote suna amfani da garin alminiyum oksaid mai lamba 100 zuwa 120, wanda ke cire tsohon fenti ya kuma bar ƙarfen da kaushin da sabo zai kama. Ƙwayoyin gilashi suna barin wurin da santsi, kyau a ido amma fenti ba ya riƙewa sosai. Don bindiga ɗaya sayen inji da kwamfuresa ɓarnar kuɗi ne, gara ka kai wa masu shi, ka roƙe su rage ƙarfin iska saboda tutiya da alminiyum suna da laushi, rubutun da ke jiki yana iya shafewa. A toshe ramukan sukurori da na fil kafin a fara. Na'urar hura zafi kuwa a manta da ita a kan roba, ABS tana fara laushi tun wajen digiri 100 a ma'aunin Salshiyas.

Ga abin da nake ganin ya fi duk waɗannan amfani ga yawancin mutane: sau da yawa ba sai an cire fentin ba. In tsohon yana manne da kyau, ba ya ɓarewa, ba shi da kauri, samfefa mai lamba 400 zuwa 600 ko soson Scotch-Brite sun wadatar. Ka karce har sheƙin ya mutu, ka wanke, ka fesa. Fentin kamfani da ya zauna daram ya fi kama sabon fenti fiye da tutiya tsirara, wadda sai ka sayi fentin shimfiɗa mai cizon ƙarfe kafin komai ya zauna a kanta. Cirewa har ƙasa tana zama dole ne idan fentin yana saɓulewa, ko an yi hawa-hawa har sassa sun daina shiga juna, ko za a yi fentin da ake gasawa.

Ko wace hanya ka bi, ka haɗa da abin wanke maiƙo. Bindigogin airsoft da man silikon ake shafa musu, kuma ɗigonsa kaɗan ya isa ya sa sabon fenti ya riƙa gudu yana barin ƙananan idanu. Wanki da sabulun kwanoni da ruwan ɗumi, a bushe sarai, a bi da alkohol, sannan kada a sake taɓawa da hannu tsirara. Safar nitiril ta isa ga alkohol da soda, amma asiton yana ratsa ta da wuri, shi sai ta robar butil.

Ka kuma duba dokar inda kake kafin ka taɓa launin da aka saka don bambanta bindigar da ta gaske. A Amurka ana sayar da su da baki mai ruwan lemu. A Birtaniya, dokar rage laifukan tashin hankali ta 2006 ta sa mayar da bindiga mai launi mai haske ta koma kamar ta gaske laifi ne, sai ga wanda ke da hujjar da doka ta amince da ita, kamar ɗan wasan da ke buga airsoft a filin da ke da inshora. Ko inda doka ba ta ce komai ba, ɗan sandan da ya hango ta daga nesa ba shi da hanyar sanin harsashinta na roba ne mai milimita 6, don haka a jaka ake ɗaukar ta daga gida zuwa fili.